Bas ɗin da Baba Inci Ya Auna

Shekara arba'in da ɗoriya yana aikin kafinta, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa kama shi ba tef ɗin awo a aljihu. Ko dubiya ya je asibiti, idonsa na kan ƙofar ɗakin, yana neman inda ta karkace. Ka ce masa teburin nan ya yi tsayi, ya ce, "Da inci nawa?" Ka ce masa wane ya rame, wallahi sai ya tambaye ka da inci nawa. Haka aka laƙaba masa Baba Inci, sunan ya bi shi har aka manta na gaskiyar. Ita kanta matarsa, Umma, in tsokana ta motsa mata haka take kiransa. A da ke nan, lokacin da take tsokana.

Shagonsa na manne da katangar gidansa: rumfar kwano, dogon tebur da zarto ya cinye wa gefe, da gwangwanayen madara a jere, kowanne da girman ƙusar da ke cikinsa. Mutum ne marar surutu, amma yana da ƙa'ida biyu da duk wanda ya taɓa kawo masa gyara ya haddace. Ta farko, abin da ke aiki ba ya taɓa shi, ko muninsa ya kai ina. Ta biyu, ba ya huda sabon rami in akwai tsoho. Ka kawo masa ƙofa a sauya mata makulli, sai ya lalubo ramukan da kafintan farko ya huda, ya bi su. "Wanda ya huda nan sai da ya auna," in ji shi. "Ni wane ne da zan ɓata masa katako?" Wannan ƙa'idar ta ciyar da shi shekara arba'in. Ita ce kuma ta kai shi ta baro, amma bari mu bi abin a hankali.

'Ya'yansu biyu. Babbar mace ce, tana koyarwa a firamare, kowa Malama yake ce mata, tana auren wani bakanike mai gareji a bayan kasuwa. Sai ƙaninta, Auta.

Shekara huɗu da suka wuce Baba ya karɓi aikin rufin wata makaranta a can wani ƙauye da waya ba ta kamawa. Yana can saman katako, Auta ya fita da safe a kan babur, wata mota ta kwashe shi a mahaɗar hanya. Kafin rana ta yi tsaka ya cika a asibiti, yana da shekara ashirin da biyu. Sai da aka kwana biyu saƙo ya iske uban. Ya iso gida da garin katako a gashinsa, ya tarar an gama komai, sai masu gaisuwa.

Umma ba ta ce masa kanzil ba. Ba ta ce ina kake ba, ba ta ce don me ba. Da ma ta faɗa ta huta! Abinci ta ci gaba da ajiye masa, wanki ta ci gaba da yi, amma daga ranar ƙafarta ba ta ƙara tsallake get ɗin gidan ba. Ba kasuwa, ba gidan 'yarta, likita ma sai dai a kawo shi. Mace mai son yawo da hira ta dawo rayuwarta tsakanin ɗaki da kicin da igiyar shanya, kullum tana ƙara tsotsewa. Da likitan ya gaji, ya ja Baba gefe ya ce, "Baba, ni maganina ya ƙare. In ba a fitar da matar nan ta sha iska ba, gidan nan zai cinye ta kuna kallo."

Malama ta yi lallashi har bakinta ya gaji. Ta ce Umma ta zo wajenta ko mako guda ne. Ta ce to a kama mata ɗaki a otal ɗin bakin tafki, tafkin nan da Umma ta ishe su da labarinsa suna yara: yadda tana amarya Baba ya sami aikin kafa rumfuna a can, ya tafi da ita, suka yi sati uku a cikin tanti, tana dafa shayi a bakin ruwa, tana dariya har masunta suna leƙowa. Umma ta saurare ta tsaf, ta ce, "Ni fa ba na kwana a ɗakin da ba nawa ba." Magana ta ƙare.

Kowa a'a ya ji. Baba Inci da ke rumfarsa yana jiyo su ta taga, shi oda ya ji an ba shi. Ɗakinta take so? To sai a yi mata ɗakin, a sa masa taya.

Da ya kira Malama da mijinta ya faɗa musu, Malama dafe ƙirji ta yi. "Baba, bas? Kwanan daji? Umman da ko shagon bakin layi ba ta zuwa? Kai kuma a shekarunka?"

"Mota mai ɗaukar iyali nake so," ya ce, kamar bai ji ta ba. "Ke da 'yarki a kujerar tsakiya, mijinki a sitiyari. Baya kuma ɗakin uwarki ne. Mu maza tanti ya ishe mu."

Ya zaro takarda, ashe an riga an zana komai, har inda butar shayi za ta zauna. A-kori-kurar da yake kai kaya da ita kuwa tuni ya sayar. Bakanike ya kalli matarsa, ta kalle shi.

Sati uku suna zagaya filayen dillalan mota, kuma har yau dillalan ba su daina labarin tsohon ba. Bakanike zai buɗe inji, ya kasa kunne, ya leƙa ƙasa yana neman ɗigon mai, ya tambayi giya da birki. Baba ko kallon injin ba ya yi, tef yake zarowa. Wata dalleliya mai kujera goma sha huɗu, sanyinta kamar firij, ya ƙi ta saboda matakinta inci goma sha biyar ne daga ƙasa, gwiwar Umma kuwa ba ta wuce tara. Ya san haka ne domin ya auna matakalar kicin da ta banɗaki, ya lura da wacce take hawa ba tare da ta dafa bango ba. Wata rufinta ya yi ƙasa, mace ba za ta zauna a gado ta ɗaura ɗankwali ba sai ta bugi kai. Wata kujerunta walda aka yi musu, ba sa fita. Wata kuma ta cika awo tsaf, amma ya shinshina ya ce an yi dakon kaji da ita, shi ba zai kwantar da matarsa a akurki ba. Abin da ya fi ɗaure wa dillalai kai shi ne, duk motar da ya shiga sai ya cire hula, ya miƙe sambal a ƙasanta, ya lumshe ido. Wani dillali har ya ruga neman ruwa, ya zaci tsohon faɗuwa ya yi.

A can ƙarshen wani fili, bayan tarin tayoyi, suka same ta. Shuɗiya ce, fentin sabo fil, doguwa, rufinta da tsayi. Matakin gefe inci takwas da rabi. Ƙofofin baya biyu, suna buɗewa a wangale. Bayan kujerar tsakiya babu komai, fili fetal, an shimfiɗe shi da farantin ƙarfe mai sauƙin wankewa. Ga ma ƙarfen rataya labule an riga an sa a tagogi. Bakanike ya tayar da ita, ya saurara, ya gyaɗa kai. "Baba, wannan injin ba a wahalar da shi ba. Kamar ba a taɓa gudu da ita ba."

Baba na can a durƙushe. Ya ga ramukan noti a jere a ƙasan motar: layi biyu a hagu, tsakaninsu inci ashirin da huɗu, tsawonsu ƙafa shida da rabi, sai wasu ramuka huɗu a dama, daidai ƙafafun benci. Ya cire hula ya kwanta tsakanin layukan biyu. Cif! Ba ragi ba ƙari. A saitin fuskarsa ga fitilar rufi, murfinta ya ɓace, an maye gurbinsa da koren murfin filas an ɗaure da waya. Ya kunna, ta kawo wani haske kore-kore mai sanyi.

"Me ake ɗauka da ita?" ya tambaya daga kwance.

Dillalin ya kalli takalminsa. "Burodi, Baba. Kantocin burodi aka ɗaure a nan."

Kai jama'a! Mutumin da ya ƙera gado ya fi ɗari uku, wanda in ya kalle ka sau ɗaya zai gaya maka tsawon katifarka, a ce ya kwanta a wannan awon bai gane na mene ne ba? To bai gane ba. Murna ta rufe masa ido. Takardun motar ma da aka miƙo masa, ninke su ya yi ya jefa a akwatin gaba, shi abin da ba a sa wa tef bai dame shi ba. Bakanike kuma injin ya tafi da hankalinsa.

Wata guda Baba yana aiki a ɓoye a garejin surukinsa. Bai huda rami ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya leƙo sai ya gaya masa haka. Gadon ya hau layukan hagu, kowane noti ya shige raminsa kamar tare aka yi su. Bencin ya zauna a dama, a ramukansa huɗu. A ƙarƙashin bencin ya yi akwatin risho da tukwane, ya yi wurin jarkar ruwa, tanti ya shige ƙarƙashin gado. Malama ta ɗinko fararen labule. Bakanike ya ce don Allah a sauya wannan mummunar fitilar.

"Tana kawowa?" in ji Baba.

"Tana kawowa."

"To bar ta."

Ranar wata Asabar da hantsi aka kawo ta ƙofar gida. Baba ya riga ya loda komai, har da sukari, wai ko Allah zai sa a dace. Jikar an bar ta wajen kakarta ta wajen uba, don kada hayaniya ta yi yawa. Ya shiga ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hula kamar mai neman aure.

"Na yi miki wani abu," ya ce wa Umma. "Yana waje."

"Shigo da shi mana."

"Ba ya shiga get. Taku uku ne kawai, na auna. Don Allah."

Ko roƙon ne ya taɓa ta, ko jin muryar tsohon na rawa, oho. Umma ta goge hannu, ta yafa mayafi, ta biyo shi. A bakin get ta ja ta tsaya. Malama na waje tana jiran ta. Sai ga ƙafa ta tsallako. Ɗaya, biyu, uku. Baba ya ja ƙofar gefe, ya miƙa hannu ya kunna fitilar don ta ga aikin da kyau.

Umma ta kalli gadon a hagu. Ta kalli bencin a dama, da fararen labulen. Sannan ta ɗaga kai.

Ƙarar da ta yi, har mai shagon bakin layi sai da ya fito a guje. Ba kuka ba ne, ba salati ba ne, wani sauti ne da Baba bai taɓa jin ya fito daga bakin ɗan Adam ba. Malama ta yi maza ta riƙe ta. Umma tana nuna rufin motar da yatsa.

"Murfin nan... koren murfin nan..."

"Umma, mene ne? Fitila ce fa kawai!" in ji Malama.

"Ita ce. Ita ta kawo min shi gida."

Malama ce ta fara ganewa. Ranar da Auta ya rasu tana da tsohon ciki, ta suma a asibiti, mijinta ya sa ta a wata motar suna biye a baya. Abin da suka gani bayan wata farar bas ne kawai. Umma kaɗai ta shiga ciki, domin ta rantse ba za a bar mata yaro shi kaɗai ba. Bakanike ya fizge akwatin gaba, ya warware takardun, ya karanta sunan mai motar na farko. Asibitin nan ne. Motar ɗaukar gawarsu ce. Ya sa farce a gefen ƙofa ya kankara, shuɗin ya ɓare, fari ya leƙo. "Innalillahi," ya ce, ya zauna daɓas a bakin kwata bai ma sani ba.

Baba Inci bai motsa ba. Yana kallon gadon da ya goge da hannunsa, ya shafa wa mai har sau uku, sai yanzu awon ya faɗa masa gaskiya: inci ashirin da huɗu, ƙafa shida da rabi. Shi ya kwanta a wurin. Shi ya ce cif. Kuma da ya bar motar yadda ya same ta ma da sauƙi. A'a, sai da ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ya mayar da kowane abu mazauninsa, ya shirya wa matarsa ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarta, har da labule, sannan ya roƙe ta ta fito ta gani. Shekara huɗu ana fama ta taka waje, ta yi taku uku, ga abin da ya tarbe ta da shi. Ya sani sarai, in ta juya ta shige get ɗin nan yanzu, ba za ta ƙara fitowa da ƙafarta ba.

"Ku ɗauke motar nan," ya ce, muryar kamar ba tasa ba. "Ku kai ta ko'ina, a banka mata wuta. Wallahi ban sani ba. Ki yafe ni, ban sani ba."

"Ina za ka sani?" Umma ta ce. "Kana nan ne?"

Shekara huɗu yana jiran maganar nan, yana tsoronta, sai ga ta ta zo a bakin titi, a gaban maƙwabta. Ya sunkuyar da kai, hular ta suɓuce ta faɗi.

Umma ta zare jikinta daga hannun Malama. Kowa ya ɗauka gida za ta nufa. Sai ta dafa ƙofar motar, ta ɗaga ƙafa. Inci takwas da rabi, gwiwar ba ta yi gardama ba. Ta zauna a kan bencin, can kusa da kan gadon, ta ɗora tafin hannunta a kan filo. Matan layin sun rufe baki da mayafi.

"Nan kansa yake," ta ce. "Nan nake." Ta dubi sauran bencin da ke gefenta. "Nan babu kowa. Shigo."

Baba ya shiga, ya zauna inda ta nuna.

"Kai kuma," ta ce wa surukinta, "tashi daga ƙasa ka ja mu. Ƙofar asibiti za ka fara kai mu, ka juyo, ka biyo ta hanyar kasuwa. Kada ka yi gudu. Direban bai yi gudu ba."

"Umma, anya kuwa..." Malama ta fara.

"Shiga gaba ki yi min shiru."

Suka kai asibiti. Da motar ta juyo daga ƙofar, sai bakin Umma ya buɗe, abin da ta riƙe shekara huɗu ya fara fita. Ta ce takalminsa ƙafa ɗaya ne, ɗayan har yau ba ta san inda yake ba. Ta ce zanen da suka rufe shi da shi gajere ne, ka san tsawonsa, ƙafafunsa a waje suke, sai da ta cire mayafinta ta rufe masa. Ta ce direban ya rage rediyo amma bai kashe ba.

"Na kasa kallon fuskarsa," ta ce. "Wannan murfin na yi ta kallo tun daga nan har gida. Ina cewa a raina, wane irin mutum ne zai rufe fitila da murfin filas, a kuma bar shi haka? Sai na ce, ai da Baba Inci ne ma barin shi zai yi, tunda tana kawowa. Ka ji inda na tuna da kai. Na yi ta kiranka a zuci, kai kuma kana can kana buga ƙusa."

Rabon da ya ji sunan daga bakinta tun Auta na da rai. Baba ya toshe bakinsa da hannu. Umma ta kama hannun ta janye shi, ta ɗora a kan filon.

"Riƙe nan. Akwai tudun rage gudu kafin kasuwa, guda uku. Kansa yana bugawa in ba a riƙe ba. Ni kaɗai na riƙe, hannuna bai isa ba."

Motar ta hau tudun farko a hankali. Tsohon ya danne filon da babu kowa a kai, ya tallabe shi da hannu biyu, sai kuka ya ƙwace masa, irin wanda bai yi ba ranar da ya dawo ya tarar da masu gaisuwa. A tudu na biyu hannun Umma na kan nasa. A gaba Malama ta kifa kai a gwiwa, Bakanike yana tuƙi yana share ido da kafaɗa.

Suka shigo layinsu. Maƙwabta na nan tsaye inda aka bar su, hular Baba ma tana nan a ƙasa. Bakanike ya rage gudu, ya sa sigina. Umma ta ɗaga labule ta kalli get ɗin, yana nan a buɗe kamar yadda ta bar shi. Baba ma ya kalli get ɗin. Taku uku ne, ya auna.

"Ranar a nan aka tsaya," ta ce. Ta saki labulen. "Yau wuce."

Bakanike ya kalle ta ta madubi, baki a sake. "Ina za mu, Umma?"

"Tafkin mana. Ko an kwashe shi ne?" Ta juyo wajen mijinta. "Ka sa butar shayi?"

Da haɓa Baba ya nuna mata akwatin da ke ƙarƙashin bencin. Hannuwansa bai ɗauke su daga kan filon ba, domin akwai wani tudun a ƙarshen layin.